KARE DA KIRSIMETIN SHEKARAR KORONA: ABIN DA ZAMAN ƘAUYE YA KOYA MANA

Wannan shi ne jawabin da kwamitin lafiya da sulhu na ƙungiyarmu ya gabatar a taron shirin ƙarshen shekara, a rumfar ƙofar gidan Sarkin Hausawa. Mun buga shi yadda aka karanta, domin 'yan'uwan da suka tafi Arewa ɗauko kaya ba su sami halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Sarkin Fawa, shugaban dillalai, Magajiya da sauran iyayenmu mata, dattawa da samari, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma godiya da kuka bar sana'o'inku a wannan lokaci da ciniki ya fara motsi.

Jama'a, maganar da ta tara mu yau maganar kare ce. Mun san wani zai ce a ransa, duk abin da ke damun Bahaushe a Kurmi, ga kuɗin shinge a hanya, ga tsadar mota, ga haraji iri-iri a kasuwa, a rasa abin da za a tara dattawa a kansa sai kare? To, a yi haƙuri a saurara. Kowa ya ji cewa kwanakin baya wani kare da ba a san mai shi ba ya ciji yaron ɗan'uwanmu a bayan mahauta. Alhamdu lillahi an kai yaron asibiti a ranar, an yi masa allurai har ya kammala, yana nan lafiya lau. Amma cikin ɓacin rai wasu samarinmu suka kawo shawara cewa a sayi guba a barbaɗa a kayan ciki, a watsa a kewayen zango kafin Kirsimeti ta zo, duk karen da ya ci ya mutu a huta. Sarki ya ce kada kowa ya taɓa kome sai kwamiti ya zauna. Mun zauna, mun je wurin Liman, mun ga likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, mun kuma gaisa da shugaban ƙungiyar gari. Abin da muka tsayar shi ne kada a sa guba, a yi wa karnuka allurar rigakafi, namu da na masu gari baki ɗaya. Kafin mu kawo dalilanmu, sai mun koma da ku shekarar 2020, domin akwai abin da ya faru a garin nan wanda da yawa daga cikin samarin yanzu ba su zo ba tukuna aka yi shi.

DISAMBA ITA CE KAKARMU

Wanda ya daɗe a ƙasar Ibo ya san yadda ƙauyensu yake. Wata goma sha ɗaya na shekara, in ka shiga gari ba ka ganin kowa sai tsofaffi da mata da 'yan makaranta. Ƙarfafan suna Ikko, suna Kano, suna Fatakwal da Abuja, wasu suna Kamaru, wasu har Sin da Amurka. Ga manyan gidaje na bene a kulle, babu kowa a ciki sai maigadi, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne, da kare a tsakar gida. Da zarar tsakiyar Disamba ta yi, sai ka ga motoci sun yi layi a gadar kogin Kwara ta Anaca, kowa ya nufo gida. A cikin mako biyu zuwa uku ake yin abin da aka tara na shekara guda: ɗaurin aure, jana'izar manya da aka ɗage, buɗe sabon gida, naɗin sarauta, taron dangi, ƙwallon ƙafa tsakanin unguwanni, fitowar dodanni. Kowanne daga cikin waɗannan kuwa yana bukatar sa, ko aƙalla akuya.

Watau abin da Babbar Sallah take ga mai raguna a Kano, shi ne Disamba ga mai shanu a Ugwuoba da Amansea da Lokpanta. Kuma ba mai shanu kaɗai ba. Mahauci da mai tsire, mai albasa da mai tattasai, ɗan acaɓa da mai canjin kuɗi, har yaron da ke wanke takalmi, kowa a wannan wata yake haɗa abin da zai aika gida, ya biya bashi, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Ba mu yin bikin, addininmu daban, amma tukunyarmu da wutarsa take tafasa. Su ma karnukan gari kakarsu ke nan. Karen da ya shekara yana lasar tukunyar garin rogo, a Disamba yake ganin ƙashi har ya ture.

YADDA SHEKARAR TA ZO

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar Korona a Nijeriya, wani Bature ɗan Italiya da ya sauka a Ikko. A ƙarshen Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle Ikko da Ogun da Abuja, su kuma gwamnonin Gabas suka rufe iyakokin jihohinsu da manyan kasuwanni, aka taƙaita taron biki da na jana'iza. Dokar hana tafiya daga jiha zuwa jiha ba a ɗage ta ba sai ran 1 ga Yuli. An ce motocin abinci da na dabbobi su wuce, amma direbobinmu sun san irin kwanan da suka yi a shingaye. A cikin watan Mayu kuma labarai suka yi ta fitowa cewa an tare manyan motoci an sami mutanen Arewa a ɓoye cikin kaya, ga kuma labarin yawan mace-mace a Kano. Sai aka wayi gari maƙwabcin da kuka shekara ashirin kuna gaisawa, in ya hango ka sai ya gyara takunkuminsa. Ba mu riƙe kowa a zuci ba, tsoro ne, tsoro kuwa ba ya tambayar ƙabila.

Mu ma mun ɗanɗana namu. Azumin shekarar aka yi shi ba tafsiri a masallatai da yawa, Kano ba a yi hawan Sallah ba, kuma babu alhaji ko ɗaya da ya tashi daga Nijeriya zuwa aikin Hajji. Saboda haka da Disamba ta matso mun riga mun san zafin a ce ranar bikin mutum ta zo ba ya tare da nasa.

Kowa ya sa rai Kirsimeti za ta share hawaye. Ina! A Oktoba aka yi zanga-zangar EndSARS, hanyoyi suka rikice. A Nuwamba aka sanar da cewa tattalin arzikin ƙasa ya sake durƙushewa, karo na biyu tun 2016. Hauhawar farashi ta haura kashi 15 cikin 100, albasa ta zama gwal har ana yi mata ba'a a gidan rediyo. Sa'an nan cutar ta dawo zagaye na biyu. Ran 21 ga Disamba kwamitin Shugaban Ƙasa, wanda Boss Mustapha ke jagoranta, ya shawarci jihohi su rufe mashaya da gidajen rawa da zaurukan biki har mako biyar, taron aure da makamantansa kada ya wuce mutum 50, wuraren ibada kada su cika fiye da rabi, makarantu kuma su zauna a rufe har 18 ga Janairu 2021. A lokacin, dokar hana fita daga ƙarfe 12 na dare zuwa 4 na asuba tana nan. Kalaba ta soke babban bikinta na shekara. Wanda zai zo daga ƙasar waje sai ya yi gwaji kafin ya taso, ya killace kansa kwana 7, ya sake biyan kuɗin wani gwajin, ga kuma sabon nau'in cutar da ya ɓulla a Ingila a daidai lokacin.

Ba a rufe hanya ba, wasu sun zo. Amma a garin nan, da yawa daga cikin masu kayar da sa ba su zo ba. Wani ya ji tsoron kawo wa tsohuwarsa cuta, wani aljihu ne ya hana shi. Wanda ya saba sayen sa guda sai ya aiko a haɗa kuɗi mutum huɗu a raba. Shanun da aka ɗauko da bashi daga Potiskum da Mubi da Maigatari suka yi kwantai a turke, kullum suna cin ciyawa da dusa, kullum suna ramewa. Dillalan da ke zaune a nan ba sa bukatar a tuna musu.

KAREN GIDAN TSOHUWA

A bakin garken da ke gabas da zango akwai gidan wata tsohuwa wadda mijinta ya rasu, wadda kowa ke kira Mama. Filin da turakunmu suke a kai ma na danginta ne. 'Ya'yanta maza uku, biyu a Ikko, ɗaya a Ingila, kuma a wannan shekara babu wanda ya zo. Abokin zamanta a gidan kare ne, ɗan ja mai tsayayyun kunnuwa irin na ƙauye, sunansa Bingo kamar rabin karnukan ƙasar nan.

A tsakiyar shekara an yi ta raɗe-raɗi cewa karnuka da kyanwoyi suna yaɗa Korona, har wasu a gari suka kori nasu. Gaskiyar magana, an sami 'yan karnuka a wasu ƙasashe, kamar Hong Kong, da suka ɗauki cutar daga masu su, amma masana ba su sami shaidar cewa kare yana da wani tasiri wajen yaɗa ta ga mutane ba. Hasali ma a filayen jirgin sama na Dubai da Helsinki ta ƙasar Finlan an horar da karnuka a shekarar suna sansano masu ɗauke da ita. Mama dai ba ta kori nata ba, sai dai ba ta da abin ba shi. Da yunwa ta ishe shi sai ya fara zuwa bayan mahauta da hantsi, ya tsaya nesa yana kallo. Yaran Sarkin Fawa suka riƙa jefa masa tumbi da ƙashi. Ba ya shiga rumfa, ba ya kusantar masallaci, in ya ci sai ya koma. Sannu a hankali ya raba darensa biyu, rabi a ƙofar Mama, rabi a bakin garke wajen masu gadin shanu.

Ranar Kirsimeti garin ya yi tsit, in ban da ƙararrawar coci da 'yar bangar da yara ke fasawa nan da can. Magajiya ta tara mata aka dafa shinkafa, Sarkin Fawa ya ba da nama, aka kai wa Mama da wasu tsofaffi da 'ya'yansu ba su zo ba. A shekarun baya su ne ke aiko mana da ɗanyar shinkafa da man gyaɗa da kaza mai rai, domin sun san ba ma cin yankan da ba namu ba. A wannan shekara kwanon ya juya.

Bayan kwana biyu, cikin dare, hunturu yana kaɗawa, wutar da masu farautar gafiya suka cinna a daji da yamma ta taso ta nufo garke. Ciyawa ta bushe ƙayau, tarin harawar da aka sayo da tsada yana jingine da shinge, masu gadi kuma sanyi ya sa sun shige ɗaki sun rufe ƙofa. A shekarar da aka saba, a irin wannan dare gari cike yake da samari suna kiɗa har asuba, da tuni wani ya gani. A wannan dare babu kowa a waje sai karen. Ya yi ta haushi, yana zuwa ƙofar masu gadi yana komawa ƙofar Mama, har tsohuwar ta fito da fitila ta ga jan sama ta kwarma ihu. Aka tashi zango, aka tashi unguwarsu. Wanda ya ga daren ba zai manta ba: Bahaushe da Ibo, wani da bokiti, wani da ganyen kwakwar manja, wani yana kwance shanu, babu mai tambayar wani ina takunkuminka. Harawa ta ƙone, rumfa ɗaya ta tafi, amma ko sa ɗaya bai mutu ba, wutar kuma ba ta kai gidan tsohuwar ba. Shanun nan kuwa, mun faɗa, na bashi ne. Da sun ƙone, akwai mutane a rumfar nan da ba za su sake ɗaga kai a kasuwa ba.

Allah ne ya tsare, babu shakka. Amma Allah yana tsarewa da sababi, sababin wannan dare kuwa karen maƙwabciya ne da aka ciyar da ragowar tumbi.

ABIN DA MALAMAI SUKA KARANTAR

Mun san yadda aka tashe mu. Bahaushe yana ƙyamar kare, in ana so a wulaƙanta mutum da sunansa ake kiransa. Saboda haka muka je wurin Liman, kuma yana zaune, in mun karkace ya gyara mana. Ya ce shari'a ta yi izinin riƙe kare domin kiwo da gona da farauta, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadin gida in akwai bukata. Abin da aka hana shi ne ajiye shi haka kawai ba dalili, wannan yana rage lada. Ya ce a mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sha a ƙwarya a zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai, domin bin umarni. Ya ba mu labarin da masu sharhi suka kawo game da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da muke karantawa a zaure, cewa shi kansa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi kuma zamani ya yi tsanani. Ya tuna mana da karen Ashabul Kahfi, da mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Ya ce karen da ya haukace ko ya zama mai cizon mutane an yarda a kashe shi, amma a bi dabbobin da ba su yi laifin kome ba da guba, su mutu suna birgima, wannan azabtarwa ce, kuma za a tambayi wanda ya yi.

Babu wanda ya ce ka sa kare a ɗakinka ko ya hau tabarmar sallarka. Tsabtarmu tana nan yadda take.

CIWON HAUKAN KARE

Yanzu bari mu zo ga tsoron da samarinmu suke ji, domin tsoro ne na gaskiya. Korona ta zo ta wuce. Allurarta ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 a jirgin farko, sa'an nan ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta daina zama annobar gaggawa. Amma ciwon haukan kare tun kakanninmu yana nan. Hukumar ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu.

Ga yadda likita ya bayyana mana. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, ko ta lashi wani rauni a jikinsa, ƙwayar takan shiga ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A nan haɗarin yake, domin ciwon cizon ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita, yana tsoron ruwa, yana dalalar da yawu, to, sai dai addu'a, da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi. Amma kafin alamu su fito, allura tana tare ta tsaf. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa wani yaro ita a 1885 yaron ya rayu, shi ya sa ake tunawa da wannan ciwo a duniya kowace 28 ga Satumba, ranar da ya rasu.

Kada kuma a ɗauka mahaukacin kare sai wanda ke gudu yana cizon duk abin da ya gani. Akwai wanda yakan yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai tausayi ya sa hannu zai cire masa, shi ke nan ya ɗauka. Ku kuma masu dabbobi ku sani, sa da akuya da jaki duk suna kamuwa in kare ya cije su, kuma ba sa tashi.

ME YA SA MUKA ƘI GUBA

Dalili na farko, ba ta maganin abin. Likita ya ce an gwada karkashe karnuka a ƙasashe da yawa ba a ga bayan ciwon ba. In ka kashe na unguwa, muddin akwai juji da mahauta, wasu za su zo daga wani wuri su maye gurbinsu, waɗanda ba ka san su ba, ba ka san mai su ba. Abin da aka tabbatar yana yanke ciwon shi ne a yi wa aƙalla 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a kuma riƙa maimaitawa. Karen da aka yi wa allura katanga ne, yana korar baƙon kare, shi kuma ba ya ɗauka balle ya ba yaronka. Allurar ba daga nesa take ba, ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, kuma kuɗin yi wa kare ɗaya bai kama ƙafar abin da ake kashewa a kan mutum ɗaya da aka ciza ba.

Na biyu, guba ba ta da ido. Kazar Magajiya za ta tsattsaga, ungulu za ta ci mushen ta faɗi, ruwan sama zai wanke saura zuwa rafin da muke shayar da shanu. Yaro mai rarrafe kuwa, duk abin da ya tsinta baki yake kai wa.

Na uku shi ne mafi nauyi. Jama'a, mu baƙi ne, an kuwa ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A wurin mutanen nan kare, wanda suke kira nkita, dukiya ce kuma ɗan gida ne. Maharbi yana da nasa mai ƙararrawa a wuya, tsohuwa tana da mai tsare mata ƙofa, mai kuɗin Ikko yana da karen Turawa da ya saya da kuɗin da ya kai na ɗan maraƙi. Ku auna a ce an wayi gari a makon Kirsimeti, gari cike da samarin da suka dawo, bammi ya hau kai, sai ga karnuka goma a mace a hanyar zango. Wa za a nuna? Maganar ba za ta tsaya a wurin dangi ba, ba za ta tsaya a fadar Igwe ba. Duk mun san garuruwan da rigimar da ba ta kai wannan ba ta tashi kasuwa, aka kwashe shekaru ba a koma daidai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bai kamata mu tsaga bangon da hannunmu ba. Amincin da aka ƙulla a daren gobarar 2020 ya fi ƙarfin a sayar da shi a kan ƙullin guba.

ABIN DA KWAMITI YA TSAYAR

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka muna roƙon Sarki da jama'a su amince da waɗannan tun kafin baƙi su fara sauka.

Na ɗaya, duk ɗan zango mai kare, na garke ne ko na gidan da yake gadi, ya kawo sunansa wurin sakatare a cikin makon nan. Za a sa rana likitan dabbobi ya zo. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo allura yana wata uku, sa'an nan a riƙa sabuntawa kowace shekara, a kuma adana takardar. Masu gadin gidajen bene, ku bugo wa masu gidan waya su aiko da kuɗin, haƙƙinsu ne.

Na biyu, shugaban ƙungiyar gari ya yarda a yi ranar tare, a filin kasuwarsu, ya kuma ce zai sa a yi shela a coci-coci. Muna ba da shawara ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin allurar karnukan tsofaffin da ba su da hali a unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Kare lafiyar 'ya'yanmu ne muke yi da wannan kuɗi.

Na uku, Sarkin Fawa ya sa a haƙa rami mai murfi a bayan mahauta, a daina watsar da jini da kayan ciki a fili. Abin da ke tara baƙin karnuka ke nan. Wanda za a ba karen gadi a ba shi a wuri ɗaya, da ruwan sha.

Na huɗu, iyaye mata, a ja wa yara kunne. Kada su jefi kare, kada su taɓa mai cin abinci ko karya mai shayarwa, in kare ya biyo su kada su ruga, su tsaya cik. A kwanakin biki ƙarar banga tana firgita karnuka, firgitaccen kare kuwa yakan ciji ko wanda ya sani. A kuma gaya musu duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa nan take, ba za a doke shi ba. Yaro yakan ɓoye don tsoron bulala, ɓoyewar nan ita ke kisa.

Na biyar, in tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a duba agogo, kada a yi ƙiyasi. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a ɗaure da tsumma a ce a ga abin da hali zai yi. Allurar mutum ba sau ɗaya ake yin ta ba, akwai ta ranar farko, da ta 3, da ta 7, da abin da likita ya tsara bayan nan, kuma sai an cika. Wanda ba shi da kuɗi ya zo wurin ma'aji, asusun taimako na ƙungiya domin irin wannan aka kafa shi.

Na shida, karen da ya yi cizo, in an san mai shi, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara wa wanda aka ciza allura. In kuwa an ga kare da alamun hauka, kada yara su bi shi da jifa, kada kuma wani ya yanke hukunci shi kaɗai. A sanar da Sarki, a sanar da shugabannin gari da likitan dabbobi, a kawar da shi da sanin kowa.

Na bakwai, al'adar nan da Magajiya ta fara a shekarar Korona, ta leƙa tsofaffin da 'ya'yansu ba su zo gida ba, muna roƙon kada a bar ta. Kowace shekara akwai gidan da motar da ake jira ba ta iso ba.

Ga samarinmu da suka kawo shawarar farko, ba mu ga laifinku ba, kishin ƙaninku ne ya motsa ku, kuma kun kyauta da kuka kawo maganar gaban manya ba ku aikata a ɓoye ba. Ku muke so ku riƙe igiya ranar allura, ku kuma zaga gida-gida da sakatare.

Mai girma Sarki, wannan shi ne abin da kwamiti ya gani, hukunci yana wurinka da jama'a. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka a wannan Disamba, ya kawo 'yan'uwanmu da ke hanya lafiya, ya kai maƙwabtanmu gidajensu lafiya. Allah ya kiyashe mu da annoba, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba. Waɗanda suka rasu a shekarar Korona, Allah ya jiƙansu. Allah ya zaunar da garin nan da Nijeriya lafiya, amin.